Rawaya, Furen Da Ke Fitowa Cikin Toka

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana masu karatu magana a kan wani tsiro na dajinmu. Na san wani zai ce, duk ga manyan al'amura sun cika duniya, wannan dattijo ya rasa abin da zai ɗaukar wa alƙalami sai haki? To, a yi haƙuri a ji ni tukuna, in na ƙare sa'an nan a yanke mini hukunci.

Mafarin maganar, a hunturun da ya wuce jikana ya komo daga makaranta yana bitar launuka da ƙarfi a zaure: ja, fari, baƙi, kore, shuɗi, rawaya. Na ce masa, "Kai abokina, mece ce rawaya?" Ya ce, "Haba Kaka, ai launi ne, irin na gwaiduwar ƙwai." Na ce, "Kafin ta zama launi fa?" Yaro ya tsaya yana dubana sai ka ce na yi masa wani yare. Abin ya dame ni, har da la'asar na tambayi waɗansu samari uku a bakin masallaci. Biyu ba su san komi ba. Na ukun ya ce ai da ita a ke yin garin kwata na miya, amma da na ce ya faɗa mini kamannin furenta sai ya yi dariya, ya ce shi bai san kwata tana fure ba. Jama'a, ku ji fa! Kalma tana bakin kowa daga Sakkwato har Adamawa, gari yana cikin tukunya, amma mai sunan an manta da ita.

Tun da gani ya kori ji, wanshekare da sassafe na kama hannun yaron muka nufi wani tudun marmara a bayan gari, inda muka yi kiwo muna yara. A wancan zamani, in wuta ta ci wurin, ba a jimawa sai ka ga baƙar ƙasa ta yi ɗige-ɗige da furanni, har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Da muka isa na tarar rabin tudun ya zama gona. Sauran rabin kuwa nan rami can rami, kamar an yi farautar gafiya. Muka yi ta yawo har hantsi ya ɗaga kafin muka sami gindi 4 a jikin wani dutse inda dagi bai iya shiga ba. Yaro ya durƙusa ya dubi furen, ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, wa ya soke shi a ƙasa, ba ko ganye?" Amsar tambayar nan tasa na ke so in rubuta.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, Kebbe tana kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal, ta yi iyaka da Jihar Zamfara ta wajen Gummi, da kuma Jihar Kebbi. Kada a rikita mu da Kebbin nan da aka yi wa jiha a 1991, ko da ya ke baƙinmu sun sha yin ɓatan kai zuwa can. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarmu ya nufi Jega. Ruwan sama ya fi sauka gare mu bisa ga Sakkwato birni ko Gwadabawa, saboda haka dajinmu ya fi nasu duhu. Amma kada mai neman rawaya ya nufi bakin gulbi. Ba ta son fadama, ba ta son laka ko wurin da ruwa ke kwanciya. Wurinta tudu ne mai tsakuwa da marmara, ko gindin duwatsu, ko tsohuwar saura, ko gefen burtali, tsakanin sabara da geza da taramniya, inda rana ke dukan ƙasa sosai. Watau dai wurin da manomi ya raina, nan ta ke sarauta. Ba kuma mu kaɗai ke da ita ba, tana cikin irin wannan daji tun daga Senegal, ta Mali da Burkina Faso da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Uganda.

Rawaya fuska biyu gare ta a shekara, shi ya sa mutane da yawa ba su gane abu ɗaya ne. Da damina ta kan fid da 'yan sanduna sirara daga ƙasa, tsawonsu ƙafa 2 ko kusan 3, masu ganye kamar tafin hannu a buɗe, yawanci yatsu 5, mai kama da na rogo. A lokacin nan ba fure ko ɗaya, tana cikin ciyawa ba mai kula ta sai makiyayi da mai magani. Amma fa aiki ta ke yi. Duk abin da ganyen nan ya samu daga rana da ruwa, ƙarƙashin ƙasa a ke kai shi a ajiye, kamar yadda manomi ke cika rumbu. In kaka ta wuce sai ganye ya bushe ya zube, sandunan su mutu, wuta ta zo ta lashe su tare da ciyawa. Wanda ya ga wurin sai ya rantse ba sauran mai rai.

Sa'an nan cikin tsakiyar rani, tun daga wajen Disamba har Maris, sa'ad da ba ɗigon ruwa ko ɗaya daga sama, ga iskar hunturu tana fasa leɓe, sai fure ya ɓullo daga cikin toka a kan ɗan guntun kara, wani ma kamar aza shi aka yi bisa ƙasa. Faɗinsa ya kan kai inci 3, watau ya cika tafin hannun yaro. Kunnuwansa 5 ne, masu laushi kamar alharini, launinsu kuwa ba sai na faɗa ba. A tsakiya akwai waɗansu siraran zaruruwa masu yawan gaske, kowane da ɗan kai mai ɗauke da garin fure. Ga abin mamaki a nan. Kawunan nan ba su wagewa su zub da garin kamar na yawancin furanni, 'yar ƙofa ce ƙarama a bisa kowane, sai an girgiza gari ke fita. In ka zauna shiru da hantsi za ka ga wani baƙin ƙwaro babba, dangin ƙudan zuma, irin mai huda itacen rumfa, ya sauka ya rungume zaruruwan yana gunji, jikinsa na kaɗawa, gari na tashi yana manne masa, ya ɗauka ya kai wa wani fure. Da haka a ke samun 'ya'ya. Fure ɗaya ba ya daɗewa, amma in wannan ya yi yaushi wani na buɗewa.

Bayan fure sai ɗa, mai kamar ƙwan zabo amma ya ɗan fi tsawo. In ya bushe sai ya tsage gida 3 zuwa 5, farar kaɗa ta bayyana, watau auduga a bakin mutanen gabas, mai laushi irin ta rimi, ƙwayoyin iri suna lulluɓe a ciki. Ƙwayar baƙa-baƙa ce, a lanƙwashe kamar katantanwa, ga tauri, ba ta saurin tsira. Iska ke ɗaukar kaɗar ta yi nisa da ita. Sai bayan wannan duka, in ruwa ya kusa, sabon ganye ke tohowa.

To, ina ta sami ƙarfin yin fure cikin fari haka? Amsa tana ƙarƙashin ƙafarka. In ka tona za ka tarad da saiwa mai kauri, wata kamar damtsen mutum, mai tauri kamar itace, bayanta ƙasa-ƙasa, cikinta kuwa rawaya mai ratsin ja, in ka yanka ta rina maka hannu. Saiwar nan ba ta shekara ɗaya ba ce kamar dankali. Shekaru ta ke yi tana ƙaruwa a hankali, har wata ta girmi yaron da ya tone ta. Ni a ganina rawaya itaciya ce wadda ta ga abin da wuta da fari da awaki ke yi wa 'yan'uwanta, ta mai da gangar jikinta cikin ƙasa, ta bar ganye da fure kaɗai suna leƙowa. Ba kuwa zancen banza na ke yi ba, gama danginta na waɗansu ƙasashe itatuwa ne sosai masu tsayi. Akwai ɗaya a Indiya wadda a ke kai furenta ɗakunan ibadarsu, akwai a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, akwai kuma a arewacin Ostareliya, duk da irin furen nan da irin kaɗar nan.

Sai dai a lura, rawaya iri biyu ce, Bahaushe ya haɗa su a suna ɗaya. Wadda na bayyana ita ce mai fure da rani. Ɗayar ta fi tsayi, har ta kan wuce kan mutum, ganyenta bai tsage da zurfi ba, bayansa fari-fari ne mai ɗan gashi, ita kuwa da damina ta ke fure a bisa kan rassanta tare da ganye. Ta fi yawa can kudu, wajen Zuru da Kwantagora da Zariya. Na faɗi wannan don kada wani mai karatu na can ya rubuto ya ce tsohon Kebbe ya yi ƙarya, shi da damina ya ke ganin furen.

Sunayenta a bakinmu suna da dama: rawaya, kyamba, balagande, zunzuna. Wani likita Bature, Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan yana tara itatuwa da hakukuwa, ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916, ya sa ta a ciki, ya kuma bayyana amfaninta a babban littafinsa na 1937. Tun kafinsa wani masani mai suna Perrottet ya tsinko ta a Senegal, aka buga bayaninta a Faris a 1831, aka sa mata suna Cochlospermum tinctorium. Na tambayi wani malamin daji ma'anar wannan dogon suna, ya ce kalmar farko daga harshen Girka ta ke, ma'anarta iri mai kamar katantanwa, ta biyun kuwa Latin ce, watau ta rini. Na ce ashe su ma abin da kakanninmu suka gani shi suka gani. Mai furen damina kuwa ita ce Cochlospermum planchonii.

Amfaninta tsofaffi sun san shi. Masu rini su kan daka saiwar su dafa, su rina zare da tufa da kabar tabarma da ta faifai, in kuwa aka haɗa da baba sai a sami tsanwa. Daga nan ne launin ya ci sunanta, kamar yadda mu ke cewa ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Mata masu man kaɗe su kan jefa ta cikin tukunya man ya yi launi. Ɓawon sandunan a yi igiya, kaɗar a cusa matashin kai. Rinin kanti ya zo ya kashe wannan kasuwa tun tuni, ban kuwa yi kuka ba, domin rawaya ta ɗan huta.

Wajen magani an fi saninta da shawara. Wani zai ce don idon mai shawara da cikin saiwar launinsu ɗaya shi ya sa aka haɗa su. Amma masana a Mali da Faransa sun gwada ruwan saiwar a ɗakin bincike, sun ga yana da wani tasiri a kan hantar ɓeraye da kuma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A Burkina Faso har an yi maganin zazzaɓi da saiwar mai furen damina, suna kiransa N'Dribala, aka gwada shi ga marasa lafiya, aka buga sakamakon a 2003. Duk da haka ina gargaɗin 'yan'uwa, ɓera dabam mutum dabam. Shawara alama ce, cututtukan da ke kawo ta suna da yawa, waɗansu na kisa cikin kwanaki. Wanda idonsa ya sake launi, musamman jariri ko mai ciki, a kai shi asibiti a auna jininsa, kada a zauna ana ɗura masa jiƙo har lokaci ya wuce. Na ga an yi haka a unguwarmu, ba kuwa na son in sake gani.

Abin da ya rage mata yanzu, wanda kuma ya ke neman ya zama ajalinta, shi ne miya. A kan tono saiwar a wanke, a kankare bayan, a sassara ƙanana, a daka a shanya, in ta bushe a sake dakawa a tankaɗe. Garin nan ja-ja shi ne kwata. Kaɗan a ke barbaɗawa miya ta yi ja kamar an sa manja da tumatir, ga ɗan ƙanshi nata na kanta. Muna yara abin gida ne. Kakata ta kan tono biyu ko uku da kaka, su ishe ta shekara, ba ta kuma taɓa tumɓuke gindi duka ba. Ta kan tona ta gefe ɗaya, ta sare abin da ta ke bukata, ta bar kan saiwar da sauran jijiyoyi, ta mai da ƙasa ta take da ƙafa. Baɗi in mun koma sai mu tarar ta toho. In ɗayanmu ya bar rami a buɗe, ranar nan kunnensa ya sha murɗa.

Yau kuwa kwata ta zama haja. Da manja da tumatir suka yi tsada, wanda da ya ke yi mata kallon abincin ƙauye ya komo yana nemanta, dama an ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ana aunawa da gwangwani da mudu a kasuwanninmu, 'yan sari suna ɗaure buhuna su yi birni da su. Mai tono don sayarwa ba ya zaɓe, babba da ƙarama duk ɗaya ne gare shi, ba ya barin ko jijiya. Mafi muni, da rani a ke tonon, sa'ad da aikin gona ya ƙare, furen nan kuwa shi ke nuna wa mai dagi inda saiwa ta ke. Adonta ya zama mai tona asirinta. Ana cire ta tana cikin fure, kafin ta zub da ko ƙwaya ɗaya, an kashe uwa an kashe 'ya'ya a rami guda. Tsiron da ya gagari wuta, ya gagari farin 1973 da na 1984 waɗanda suka kashe shanu da manyan itatuwa a ƙasar nan, ga shi dagi na kamu biyu ya fi ƙarfinsa.

Ba dagi kaɗai ba ne. Jama'a ta ƙaru, saurar da a da a kan bari ta huta shekaru yanzu kowace damina ana nomanta, garmar shanu da tarakta suna tsinke saiwar, maganin feshi yana ƙone ganyen da ke ciyad da ita. Ga kuma rashin zaman lafiya da ya hana mutane shiga daji mai nisa a shekarun nan, sai masu tono duk suka taru a kan 'yan tuddan da ke kusa da gari. Wuta ma, ko da ya ke na ce ba ta kashe ta, kada wani ya ɗauka na ba shi fatawar cinna wa daji wuta. Ta farkon rani ita ke share mata fili. Wutar bazara kuwa, ta masu farautar gafiya da ɓera, 'ya'yan ta ke tararwa ba su nuna ba ta ƙone su. Abin kuma bai tsaya gare mu ba, gama a arewacin Jamhuriyar Benin ma ana cinikin garin nan ƙwarai, har masana na Jami'ar Abomey-Calavi suka yi rubutu a 2021 suna jan hankali a kan yawan tonon saiwar.

Ban ɗauki alƙalami don in zagi masu tono ba. Na san su, maƙwabtana ne, yawancinsu mata ne da yara, akwai zawarawa waɗanda kuɗin kwatar nan ne gishirinsu da sabulunsu. Wanda ya ce a hana su gaba ɗaya bai taɓa kwana da yunwa ba, dokar ma ba mai binta. Amma su ne za su fara shan wahala in ta ƙare. Wata daga cikinsu ta gaya mini a da kafin azahar ta kan cika kwando ta komo, yanzu sai ta wuni ba ta cika rabinsa ba.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa na ƙasar Kebbe da Tambuwal, Allah ya ja zamaninsu, tun daga Kuchi da Ungushi da Margai har Jabo da Sanyinna da Dogon Daji, su tara masu sana'ar nan su zauna da su. Kada a tona gindin da ke da fure ko ɗanyen ɗa, a jira kaɗar ta tashi. A bar ƙanana, babbar kuwa a bar mata kai a mai da ƙasa. Tudun da aka tona bana a bar shi ya huta shekara 3. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ai haka Sarkin Ruwa ke rufe tafki, ba mai sa koma sai ranar da ya buɗe, kowa kuma ya yarda domin ya ga ribarsa. Masu daka kuma, don Allah a daina shanya a gefen titi inda ƙura da akuya ke bi, tun da bakin mutane abin zai shiga. Malaman gona da masana na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuwa, ina ma su gwada nomanta. Muna da tuddan marmara da yawa waɗanda gero ba ya yi musu komi, ita kuwa nan ne gidanta, ba ta neman taki ba ta neman ban ruwa.

Gindi huɗun nan da muka samu mun kewaye su da duwatsu da ƙaya. Da bazara muka koma muka tarar biyu sun yi 'ya'ya, yaron ya tsince ƙwayoyin ya zuba cikin kwalin ashana. Malamin dajin nan ya ce mu ɗan goge bayan kowace a kan dutse kafin mu shuka, don ruwa ya sami hanyar shiga. Za mu shuka su a bayan gida, wajen da ke da tsakuwa, in ruwa ya zauna. In Allah ya kai mu, Edita kuma ya sake ba ni fili, zan sanad da ku nawa suka tsira. Kafin nan ina so 'yan'uwa na Zuru da Yawuri da Gaya da Katsina su rubuto su gaya mana sunan da su ke kiranta, da kuma ko har yanzu suna ganinta kusa da gari.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Makiyayi,
Kebbe.